Tsaga ta Ɗari Biyar

Hannun tsoho Tokuji ya rame har ya koma kamar ƙafar kaza, amma riƙon da ya yi wa wuyan hannun surukarsa Shinobu riƙon mai ɗaure noti ne. Shekara hamsin ya yi yana gyaran kekuna a tsibirinsu, ƙarfin kuwa ya bar ko'ina a jikinsa ban da yatsu. Ya ture robar iskar da aka kifa masa a hanci, ya jawo ta kusa da bakinsa.

"Idan kika buga musu waya, ban yafe ba."

"Baba, ai ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Kunnena bai riga ni mutuwa ba. Saura ɗaya, Shinobu."

Duk wanda ya taɓa kai faci shagon tsohon ya san wace ce ɗayar nan. Akwai wani ginshiƙin katako a tsakiyar shagon, wanda baƙin mai ya rine. Duk ranar da ɗansa Noboru, mijin Shinobu, ya zo na ɗaya a tseren kekuna da ake kira keirin, tsohon zai ɗauko zarto ya yi wa ginshiƙin tsaga guda, ya hure garin katakon, ya koma kan aikinsa ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Shekara talatin da ɗaya ana haka. Tsagar ta taso daga daidai gwiwa, ta wuce kai, har sai da ya koma hawa kujera. Ɗari huɗu da casa'in da tara, daga nan ta tsaya cak. Wata goma sha ɗaya ke nan zarto bai taɓa katakon ba.

Noboru ya ba hamsin baya, ƙafa ta yi nauyi, yaran da aka haifa bayan ya fara tsere su ne yanzu ke wuce shi kamar yana tsaye. Makinsa ya yi ƙasa, takarda ta zo cewa ƙarshen watan Yuni za a cire sunansa daga rajistar 'yan tsere. Gasar kwana ukun nan da ake yi a filin da ke tsallaken ruwa ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa. Ranar Juma'a ya zo na biyar. Asabar, na huɗu. Yau Lahadi, gudu ɗaya ya rage masa, da ƙarfe uku saura minti goma.

Bai kuma san ubansa na kwance ba. Tun da jama'a caca suke yi a kan ƙafafun 'yan tsere, kulle su ake yi kamar masu laifi. Ranar Alhamis Noboru ya miƙa wayarsa a ofis aka sa a ambulan, aka rufe ƙofa a bayansa. Ba kira, ba saƙo, ba ko ɗaga hannu ga wani na waje, har sai an gama. Washegari da safe tsohon ya yanke jiki ya faɗi a gindin ginshiƙin. Kafa ɗaya ce dokar ta bari: idan rai ya kai maƙogwaro, iyali su buga wa ofis, a fito da mutum nan take, tseren kuma ya wuce shi. Lambar ofishin tana cikin wayar Shinobu. Kwana biyu ke nan tana buɗe ta, ta zuba mata ido har hasken wayar ya mutu.

Da maganar tsohon ce kaɗai, da da sauƙi. To amma akwai ta mijin. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, kafin Shinobu ta shigo gidan, mahaifiyar Noboru ta rasu yana kulle a cikin fili, bai tarar da ita ba sai a cikin akwati. Mutum ne da ba ya doguwar magana, irin mazan gidan da suka yarda ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Amma sau ɗaya, ranar da suka je wanke kabarin uwar, ya tsaya da guga a hannu ya ce mata ko da wasa kada a sake yi masa irin wannan. Ta ce to. Yau ga shi ta sake ce wa uban to. Gaba kura, baya siyaki, ita kuwa baki ɗaya gare ta.

A barandar asibitin Ikuyo, ƙanwar Noboru, ta tare ta. Ikuyo mai sayar da kifi ce, bakinta ba ya da linzami, kuma kuka ya kumbura mata ido.

"Yaya, ki buga kawai. Taurin kan tsohon nan ne zai kai shi kabari, ga shi ma ya kusa kai shi. Likita ya ce da wuya ya ga faɗuwar rana. In ke ba za ki iya ba, ba ni lambar."

Shinobu ta hana. Ta ce ta yi dabara. Jirgin fito na sha ɗaya zai kai ta tsallake. Tseren kansa minti uku ne. Da zarar an gama, dokar ta sake shi, za ta tsaya a ƙofar 'yan tsere da tasi a kunne, ta cafke shi, su kama jirgin huɗu da minti ashirin. Biyar da 'yan mintuna suna gaban gadon nan. Ta haka tsoho ya sami tserensa, ɗa ya sami ubansa. Ikuyo ta tambaye ta idan suka rasa jirgin fa. Shinobu ta ce ba za su rasa ba. Dukansu sun san ranar Lahadi babu wani bayansa sai na shida da rabi.

Ta koma ciki ta gaya wa tsohon za ta je gida ta ɗauko masa kaya. Ya riga ya lumshe ido. Ta biya gida da gudu, ta dunƙula shinkafa guda huɗu da gishiri ta naɗe, domin Noboru ba ya cin komai kafin tsere, ta zari lema ta nufi matsayar jirgi.

Damina ce, ruwan nan mai siririn zuba da ba ya ɗaukewa. A cikin jirgin ta zauna kusa da taga, waya a tafin hannu, duk motsin da wayar ta yi sai ta duba. Tsoro take ji, tsoro ƙarara. In tsohon ya cika kafin su iso, da wane ido za ta dubi mijinta? Shekara ashirin da huɗu tana cikin harkar nan ba tare da ta taɓa ganinta da ido ba. Ita ce mai wanke rigunan da zufa ta ci, ita ce mai cire tsakuwa daga fatar cinya da hantsaki. Sau shida ƙashin kafaɗar Noboru na karyewa, haƙarƙari kuwa ta daina ƙirgawa. Ta san ƙarar babur ɗin tsohon da asuba, yana gaba Noboru na biye a keke, suna hawa tudun gonakin lemo, tsohon na waiwaye yana zaginsa. Amma fili, ko ƙofarsa ba ta taɓa takawa ba.

Dokar surukinta ce. Ranar da aka kawo ta gidan, bayan an watse, ya zaunar da ita ya ce abu ɗaya yake so ta riƙe: kada ta kuskura ta je filin tsere ranar da mijinta ke gudu. Bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ɗauka don ƙazamin bakin 'yan caca ne, ko kuma camfin tsofaffi ne cewa idon mace na jawo faɗuwa. Amarya ce, ta sunkuyar da kai ta ce ta ji. A gidan nan ba a tambayar dalili, shi ya sa kowa ke zaton kowa ya sani.

Da niyyar tsayawa a waje ta sauka daga tasi, wannan gaskiya ce. Ta roƙi direban ya dawo ƙarfe uku ya jira ta a ƙofar baya, ta nemi inuwar wani shago ta raɓe. To amma saura fiye da awa biyu. Daga bayan katanga tana jin ƙararrawa na kaɗawa, tana jin ihun mutane na tashi kamar teku ta tumbatsa, sannan ya lafa. Wayarta shiru. Ƙafarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai zuciya ta fara raya mata cewa yau ce ta ƙarshe, daga yau babu sauran camfin da zai kama kowa, kuma in ta koma tsohon ya tambaye ta yadda ɗansa ya yi gudu, gara a ce da idonta ta gani. Ta naɗe lema ta shiga.

Filin kamar ƙaton kwano yake, gefensa a miƙe har mutum ya yi mamakin yadda keke ke manne a jiki. Tsofaffin maza ne birjik, kowa da jarida a naɗe da jan fensir a kunne, warin taba da soyayyen nama ya cika wurin. Ba ta san inda ake zama ba, sai ta bi inda ya fi sarari, ta gangara har jikin ragar ƙarfen da ta raba 'yan kallo da fili, daidai kwana ta ƙarshe kafin layin gamawa. Wani dattijo mai giɓi da ke kusa ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da gani baƙuwa ce, to ga shawara kyauta: ta taɓa kowace lamba ban da shida. Ya ce mai lamba shida a zamaninsa wuta ne, shi kansa ya sha cin abinci a ƙafarsa, amma yanzu ko keken kai jarida aka ba shi sai an tura shi.

Can sai ga su sun fito nuna kai, kamar yadda ake yi kafin kowane tsere, su bakwai, kowa da launin rigarsa, suna zagayawa a hankali don masu caca su ga wa zai bi bayan wa. Mai koriyar riga, lamba shida, yana manne da bayan wani ɗan jiharsu mai suna Kibe. Haka al'adar take, ƙarami ya shiga gaba ya sha iska, babba ya tsare masa baya. Ko da hular kwano, ko daga nesa, Shinobu ta gane wuyan mijinta da yadda kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka. Mutane suka fara yi masa tsiya, wani ya ce ya je gida ya yi renon jikoki.

Ita ba ta shirya kuka ba, zuwa ya yi. Kwana biyu ba barci, ga mutumin nan da furfura a ƙeya yana taka keke marar birki ana yi masa dariya, bai san komai ba. Hawaye suka wanke mata fuska. Suna isowa kwanar, Noboru ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nata. Ta san an hana shi ko ƙifta wa ɗan kallo ido, ta san ita ma bai kamata ta yi wata alama ba. Ta rasa yadda za ta yi da kanta, sai ta haɗa hannu biyu a gaba ta sunkuyar da kai ƙasa, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ya wuce. Ta dai ga tayarsa ta gaba ta yi wata 'yar rawa, ya daidaita ta, suka shige ciki.

Ƙarfe uku saura minti goma bindiga ta tashi. Zagayen farko-farko kamar ba tsere ba, a jere suke bin mai jan gaba, wanda ba ya cikin gasar, ruwa na fallatsa daga tayoyi. Mai jan gaba ya kauce. Ƙararrawa ta fara, a hankali, sannan da sauri da sauri har ta rikice. Kibe ya duƙa ya fizgi keke ya yi gaba, Noboru na like da shi. Wani mai jar riga ya taso ta waje zai keta, Noboru ya sa kafaɗar nan mai karaya shida ya make shi, ƙarar hulunansu har wurin raga, mai jar riga ya yi sama da gangaren kwanon bai dawo ba. Tun ba su kai kwana ta uku ba sai Noboru ya bar bayan Kibe ya fito fili, shi kaɗai da iska.

"Ya haukace," in ji mai giɓi. "Ya yi wuri, ƙafar za ta mutu."

Ƙafar ba ta mutu ba. Ya wuce ta gaban Shinobu baki buɗe, haƙora waje, fuskar da ba ta taɓa gani ba a shekarun aurensu, fuskar mai fushi. Yara biyu suka taso masa a miƙaƙƙiyar hanya, suna cin tazarar taku bayan taku, su uku suka jefa kekunansu kan layi kusan tare. Aka yi jim. Allo ya nuna lamba shida.

Tikitocin cacar da aka yaga suka yi ta sauka kamar an zazzage buhun takarda. Mai sanarwa ya ce Narahara Noboru, nasara ta ɗari biyar, a gudunsa na ƙarshe. Mai giɓi ya ɗura masa ashar, ya yar da jaridarsa, sannan ya hau tafi yana share ido da bayan hannu. Noboru ya zagayo a hankali. Bai ɗaga hannu ba kamar yadda masu nasara ke yi, bai kuma dubi inda take ba. Sama ya kalla, ruwa na dukan fuskarsa. Shinobu ta ɗauka murna ce ta yi masa yawa.

Da gudu ta zagaya ƙofar baya. Tasi na nan. Mai gadi ne a bakin ƙofar, mai farar safar hannu, ya ce ba a shiga, amma tun da maigidanta ya gama, za a iya kai masa takarda, sai dai ofis zai fara karantawa. Ta karɓi biro. Hannunta ya ƙi rubuta cewa surukinta na bakin mutuwa, gani take in ta rubuta ta kira abin, ga kuma baƙin idanu da za su bi ta kan sirrin gidansu. Ta rubuta: "Ina ƙofa. Ka fito." Mai gadi ya kai ya dawo, ya ce ya karanta, ya ce yana tafe. Ƙarfe uku da minti biyar ke nan.

Ta kira Ikuyo. Ikuyo na kuka tana dariya, ta ce ta kara wa tsohon waya a gaban ido ya ga komai, har ya ɗaga yatsa ɗaya. Amma numfashin ya fara tsallake, nas ta ce su yi sauri.

Uku da kwata, lasifika ta ce ana miƙa wa gwarzon furanni. Uku da rabi, shiru. Ta tambayi mai gadi, ya ce ta yi haƙuri, mai ajiye keke ba ya fita haka kawai. Sai abokai sun cilla shi sama, sai ya bi manya ɗaya bayan ɗaya ya yi godiya, ya bi makanikai, da masu dafa abinci, da na ɗakin magani, sannan ya kwance kekensa da hannunsa. Ta ce to. Kai, kunya ma wata cuta ce. Ga magana a bakinta, kalma huɗu ce kacal, amma ta tsaya tana murza igiyar jaka tana cewa yanzu zai fito, ai ya ga takarda, ai ya san ba ta zuwa a banza. Direban tasi ya leƙo ya nuna mata agogo. Ruwa ya shiga takalminta ba ta ji ba.

Huɗu saura minti takwas haƙurinta ya ƙare. Ta taka zuwa ƙofar za ta faɗa ko da ihu ne, sai ga wani babban jami'i ya fito da kwat, ya tsaya a gabanta ya rusuna har ƙasa. Ya ce a madadin ma'aikatan fili yana yi wa iyali ta'aziyyar rasuwar mahaifin Narahara, ya ce sun jinjina wa juriyarta da ta bari aka gama tsere.

 Ta ɗauka asibiti ne suka bugo ofis. Ta lalubo waya da ƙyar ta danna Ikuyo, ta ce yaushe. Ikuyo ta ce yaushe me, ga shi nan yana numfashi, kuna ina?

"Wa ya gaya muku ya rasu?" Shinobu ta tambayi jami'in.

"Shi maigidan naki. Tun kafin tsere ya gaya wa Kibe."

"Yana da rai." Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi wa baƙon namiji ba. "Ranka ya daɗe, yana da rai, shi yake jira. Jirginmu huɗu da ashirin ne."

Mutumin ya juya da gudu, kwat na tashi. Huɗu da minti shida Noboru ya fito a guje, ba keke, ba jaka, gashi jiƙe da ruwan wanka, igiyar takalmi na jan ƙasa. Farar riga ce a jikinsa, a wuyansa kuma baƙar nektai irin ta zaman makoki, wadda wani a ofis ya ara masa ya ɗaura masa da hannunsa. Suka faɗa tasi. Direban bai jira an ce masa komai ba.

Mota na tashi Shinobu ta juyo wajensa. Ita ta fara, ta ce Baban Kanae, me ya kai ka faɗin haka. Noboru ya dubi gaba.

"Ranar da Mama ta rasu, Baba bai buga waya ba. Jirgi ya hau, ya zo ya tsaya a jikin raga, a kwana ta ƙarshe, daidai inda kika tsaya. Da na zo wucewa ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, na gane. A gidanmu ba a zuwa raga sai da wannan."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Na ɗauka Baba ya gaya miki."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ta tuna tsohon ranar aurenta, yadda ya faɗi dokar yana kallon tabarma. Ta so ta yi ihu, ta so ta mari kanta, ta so ta mari su biyun, uba da ɗa, da shirunsu na tsiya. Babu wanda ta yi, sai ta toshe baki da hannu.

Noboru ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce da ya ga takardarta sai ya ce saurin me zai yi, wanda zai tarar ba ya zuwa ko'ina. Ya tsaya an ɗauke shi hoto da furanni. Ya bi kowa ya yi sallama, har mai shara. Ya shiga wanka ya zauna cikin ruwan zafi ya yi kukansa inda ba mai gani. Sannan ya juyo ya dube ta a karo na farko.

"Da haushinki na taka keken nan, Shinobu. Na ce ke ma kin yi mini. Ban taɓa gudu irin na yau ba."

Wata motar kifi ta tare su a kan gada, direba ya yi ta danna oda. Da suka iso matsaya, an riga an ɗage gadar shiga, jirgin ya ja baya kamar nisan jifa, farin kumfa na biye da shi. Noboru ya ruga har ƙarshen siminti yana ɗaga hannu. Wani ma'aikaci a bayan jirgin ya gan shi, ya rusuna masa, alamar ba yadda zai yi. Suka nufi kwale-kwalen kamun kifi biyu da ke ɗaure a gefe, ɗaya mai shi ba ya nan, ɗayan ya nuna musu teku ya ce da wannan iskar ko ɗansa ne ba zai fita ba.

Shinobu ta kira Ikuyo, ta ce ta kara wa Baba wayar a kunne, ta miƙa wa mijinta. Noboru ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe tsaye ƙyam a cikin ruwan sama kamar ɗalibi a gaban malami.

"Baba, Noboru ne. Ɗari biyar ta cika."

Ba a jin komai sai shiga da fitar iska, da ƙarar na'ura. Shinobu ta matso ta kara kunnenta a bayan wayar. Can muryar ta fito, siririya, kalma ɗaya-ɗaya.

"Ka fita da wuri. Da ka bar Kibe ya kai ka kwana ta uku."

Noboru ya yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka. "Na ji, Baba. Zan gyara."

"Zarton yana aljihun tebur na biyu."

"Kai za ka yi ta da hannunka. Ina nan tafe a jirgin shida da rabi. Ka jira ni."

 Ikuyo ta karɓi wayar ta ce tsohon ya gaji, ya rufe ido, amma yana nan.

Suka koma rumfar jira, su biyu kaɗai, da agogon bango da injin sayar da shayi. Ta kwance dunƙulen shinkafar ta miƙa masa. Ya ci ɗaya, ya riƙe ta biyu a hannu ya manta da ita. Ta ce ya yafe mata. Ya ce me zai yafe, ba ita ta yi dokar ba. Ta ce da ta rubuta a takarda. Ya ce da shi ma ya tambaya. Daga nan suka bar maganar, domin "da" ba ta taɓa tsallakar da kowa ruwa ba, suka zuba wa tsibirin ido, ga shi can dishi-dishi a cikin hazo kamar a miƙa hannu a taɓa.

Sai a lokacin ya tuna da abin da ke wuyansa. Ya ajiye shinkafar ya kama ƙullin zai kwance, yana cewa ba zai shiga wurin uban da wannan ba. Bai iya nektai ba, rabonsa da ita tun bikin 'yarsu Kanae, kuma wanda ya ɗaura ya ja ta tamau, ruwa ya ƙara ƙulle ta. Ya yi ta fama da manyan yatsunsa har ya samu ta sassauto zuwa ƙirji.

Shida saura minti ashirin wayar ta yi haske a cinyar Shinobu. Ta ɗauka. Ta saurara. Ta ce to. Ta sake cewa to, ta ce sun gode, ta kashe ta sa a jaka, ta ja zif ɗin har ƙarshe.

Noboru na kallonta, hannunsa biyu a kan ƙullin. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, ta sauke masa hannuwan a hankali ta ajiye su a kan gwiwarsa. Sannan ta kama nektai ɗin ta mayar da ƙullin sama har maƙogwaro, ta daidaita shi, ta kwantar masa da wuyan riga.

Jirgin shida da rabi ya iso a kan lokaci.